Kwarjini Gare Shi, Girman Kai Gare Ta

Idan namiji ya shigo ɗakin taro da fuska a ɗaure, bai yi wa kowa murmushi ba, ya ja kujera ya zauna, abin da aka fi faɗa a kansa shi ne yana da kwarjini, ko kuma a ce mutum ne da ba ya ɗaukar wasa. Idan kuwa mace ce ta shigo da irin wannan fuska, ta yi irin wannan zama, kafin a tashi taron sai an sami wanda ya raɗa wa na kusa da shi cewa ba ta da fara'a, ko tana ji da kanta, ko daga ganinta ka san mafaɗaciya ce. Ba a ji muryar ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a ga aikinsu ba, amma an riga an yanke wa kowannensu hukunci, hukuncin kuma ya sha bamban duk da cewa abin da ido ya gani ɗaya ne. Wannan al'amari ya daɗe yana damuna, domin na lura masu yanke hukuncin galibi mutanen kirki ne, maza da mata, waɗanda za su iya rantsuwa cewa ba su nuna wa kowa bambanci ba, abin da suka gani kawai suka faɗa. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne, me suka gani a fuskar, me kuma suka zo da shi a zuciyarsu suka ɗora mata.

Ya kamata a fara da saurin da wannan hukunci yake zuwa da shi. A shekarar 2006, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Princeton da ke Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun riƙa nuna wa mutane hotunan fuskokin da ba su taɓa gani ba, kowane hoto na tsawon kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, sannan su tambaye su ko mai fuskar yana da amana, ko ya iya aiki, ko mai neman faɗa ne. Amsoshin da aka bayar bayan wannan ƙiftawar ido sun yi kusa ƙwarai da na waɗanda aka bari suka kalli hotunan iya son ransu. Ƙarin lokaci bai sauya ra'ayin masu kallo sosai ba, abin da ya ƙara musu shi ne tabbacin cewa sun yi daidai. Wani bincike na 2014 ya nuna cewa yara 'yan shekara 3 zuwa 4 ma suna nuna fuskar da suke ganin ta mutumin kirki ce da wadda suke ganin ta mugu ce, zaɓinsu kuma yakan dace da na manya. Ke nan hukuncin yana riga tunani isowa, idan tunanin ya iso sai ya tarar an gama, aikinsa ya koma neman hujjar da zai kare abin da aka riga aka yanke.

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, akwai kuma gaskiya a ciki idan ana nufin halin da mutum yake ciki a wannan lokacin, domin wanda aka ɓata wa rai yakan haɗe gira, wanda aka yi wa albishir kuma fuskarsa takan washe. Inda ake zamewa shi ne ɗaukar ƙirar fuska, wato ƙashi da tsokar da mutum ya gada bai zaɓa ba, a matsayin labarin halinsa na dindindin. A 2008 Todorov da Nikolaas Oosterhof suka tattara ɗimbin siffofin da mutane ke bai wa fuskoki, suka gano cewa kusan dukkansu suna komawa ga tambayoyi biyu: shin wannan mutumin alheri yake nufina da shi ko sharri, kuma shin yana da ƙarfin aiwatar da abin da yake nufi? Daga nan suka sa kwamfuta ta ƙera fuskoki, ana matsar da su kaɗan-kaɗan a kan kowane ma'auni domin a ga abin da ke sauyawa. A ma'aunin amana, fuskar da ake yarda da ita gefen bakinta yakan ɗan ɗaga, girarta ta buɗe, kamar mai shirin murmushi, wadda ba a yarda da ita kuwa bakinta yakan sauka, girar ta matso ido, kamar wanda ransa ya soma ɓaci, alhali an ƙera su ne a matsayin fuskokin da ba sa nuna komai. A ma'aunin ƙarfi kuma, duk sa'ad da aka ƙara sai muƙamuƙi ya faɗaɗa, gira ta yi nauyi, fuskar ta ƙara zama ta ƙosasshen namiji, idan aka rage sai ta koma kama da ta mace ko ta yaro. An sake gwada wannan tsari a kan mutane sama da 11,000 a ƙasashe 41, aka wallafa sakamakon a 2021, ma'aunan biyu kuma suka bayyana a mafi yawan sassan duniya, duk da bambance-bambancen da aka samu daga yanki zuwa yanki.

Tun daga tushe, ashe, ma'aunan a cakuɗe suke da jinsi. A lokacin balaga sinadarin testosteron yakan sa ƙashin girar namiji ya fito, muƙamuƙinsa da haɓarsa su ƙara girma, girarsa ta sauko kusa da ido. Fuskar mace a galibi takan riƙe wasu daga cikin siffofin ƙuruciya, wato gira a sama, idanu masu bayyana da girma, ƙaramar haɓa da cikar kumatu. Fushi ma abin da yake yi wa fuska ke nan: ya sauko da gira, ya matse leɓɓa, ya taurara muƙamuƙi. Saboda haka namijin da ke zaune ba ya tunanin komai yakan ɗan yi kama da mai fushi, macen da ke zaune haka nan kuma takan ɗan yi kama da mai fara'a ko mai mamaki. Vaughn Becker da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa mutane sun fi saurin gane fushi a fuskar namiji da farin ciki a fuskar mace, kuma idan aka ce su kawo fuska mai fushi a zuciyarsu, ta namiji ce ta fi zo musu. Ursula Hess da nata abokan aikin suka ɗauki fuskokin da ba a iya tantance na maza ne ko na mata, suka sa musu alamun fushi, sai masu kallo suka fi cewa maza ne, da aka sa musu murmushi ko tsoro kuma suka fi cewa mata ne.

Batun siffofin ƙuruciya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tun a 1943 Konrad Lorenz, masanin ɗabi'un dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana cewa babban goshi da manyan idanu da zagayayyar fuskar jariri suna tayar wa manya tausayi da son ba da kulawa, wannan kuwa rahama ce da rayuwar jariri ta dogara da ita. Leslie Zebrowitz ta Jami'ar Brandeis ta shafe shekaru tana nuna cewa wannan tausayin yana malala ya shafi manyan da suke da irin wannan ƙira. Ana ganinsu masu gaskiya da taushin zuciya, irin waɗanda ake cewa ko yatsa ka sa musu a baki ba za su ciza ba, amma a lokaci guda ana ganinsu masu rauni, masu saurin ruɗuwa, waɗanda ba za su iya tsayawa da ƙafarsu ba. Duk wanda ya dubi waɗannan siffofi zai ga su ne dai aka daɗe ana yi wa mata kuɗin goro da su. A 1992 Zebrowitz da Friedman suka gwada abin kai tsaye da zanen fuskokin maza da mata, inda suka riƙa sauya yawan siffofin ƙuruciya a cikinsu, sai ga shi zaton da ake yi cewa namiji ya fi mace ƙarfin hali ya yi rauni da zarar an raba ƙirar fuskar da jinsin mai ita.

Wani zai iya cewa to ai ƙashi ne ya jawo, ido ne ya yi kuskure, babu son zuciya a ciki. Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi, sai dai sanin jinsin mai fuskar shi kaɗai yana sauya fassarar da ake yi mata. A shekarar 2000 Ashby Plant da abokan aikinta sun nuna wa mutane fuskokin da aka gauraya fushi da baƙin ciki a cikinsu, sai masu kallo suka fi ganin fushi idan namiji ne, suka fi ganin baƙin ciki idan mace ce. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Lisa Feldman Barrett da Eliza Bliss-Moreau suka wallafa a 2009. Sun nuna hotunan maza da mata masu fushi ko tsoro ko baƙin ciki, kowane hoto tare da jimlar da ta bayyana dalilin da ya sa mutumin yake cikin wannan hali, sannan suka tambayi masu kallo ko mutumin haka halinsa yake ko kuwa ranar ce ta zo masa da matsala. Duk da cewa an ba kowa dalilinsa, masu kallo sun fi jingina abin ga hali idan mace ce, suka fi jingina shi ga abin da ya faru idan namiji ne. Namiji idan ya ɓata rai, akwai abin da aka yi masa. Mace idan ta ɓata rai, dama haka take. A ganina wannan zalunci ne babba duk da cewa ba ya ƙara, domin yana ƙwace wa mace damar a saurari dalilinta, ya mayar da kokenta hujja a kanta.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne batun cancanta. A 2019 DongWon Oh da Elinor Buck da Todorov suka warware fuskar da mutane ke gani ta wanda ya iya aiki, domin su ga da me da me aka haɗa ta. Sun tarar da kyau a ciki, da alamar yarda da kai, da kuma siffar namiji. Kyan ne yake lulluɓe sauran, da suka cire tasirinsa sai ya fito fili cewa duk sa'ad da fuska ta ƙara kama da ta namiji, masu kallo suna ƙara ganin mai ita ƙwararre ne. Ga maza hanya ce miƙaƙƙiya. Ga mata kuwa ƙarin siffar namiji yana ɗaga su zuwa wani matsayi ne kawai, da an wuce shi sai darajar ta soma sauka. Kafin wannan, a 2015, Clare Sutherland da abokan aikinta a Jami'ar York da ke Ingila sun gano cewa fuskar macen da ke nuna ƙarfi ko kama da maza ana yi mata mummunan kallo fiye da fuskar namijin da ke nuna irin wannan ƙarfin. Sai kuma wani aiki na Oh da Todorov da abokansu a 2020, wanda ya nuna cewa ra'ayin da ake yi a kan fuskokin mata ya fi dunƙulewa wuri ɗaya: idan an ga mace tana da kirki sai a haɗa mata sauran siffofin yabo, idan ba a gan ta haka ba sai a zare su gaba ɗaya, wannan dunƙulewa kuma ta fi ƙarfi a wurin masu kallon da suka fi riƙo da tsofaffin zato game da maza da mata.

Ma'anar wannan a aikace ita ce ana auna namiji da ma'auni da yawa, ana auna mace da ɗaya. Ana iya cewa wane ba shi da daɗin sha'ani amma ya san aikinsa, ko a ce yana da zafi amma ba ya cin amana, a karɓe shi da wannan cakuɗar kamar yadda ake karɓar kowane ɗan Adam. Macen da aka ga fuskarta ba ta da daɗin sha'ani kuwa da wuya a kai ga tambayar ko ta san aikinta. Idan fuskarta mai taushi ce za a so ta, a amince mata, amma a yi shakkar ɗora mata nauyi. Idan mai kauri ce za a yarda tana iya ɗaukar nauyin, amma a ƙi jinin zama a ƙarƙashinta. Filin da aka bar mata tsakanin waɗannan iyakoki biyu ƙunci gare shi ƙwarai, ba ita ce kuma ta zaɓi gefen da ƙirarta ta ajiye ta ba.

Na taɓa ganin iyakokin biyu a zama ɗaya, a wani kwamiti da aka ɗora wa tantance masu neman muƙamin shugabancin wani sashe. Kowane fayil da ɗan hoton fasfo a manne a samansa, irin wanda mai ɗauka yakan ce kada a yi murmushi. Aka buɗe na wata mata mai faɗin muƙamuƙi da cikar gira, tana kallon kyamara kai tsaye, kafin a karanta layi ɗaya na takardunta wata daga cikinmu ta ce, "Wannan kam za ta wahalar da mutane." Aka zo kan wani namiji wanda fuskarsa ta fi tata ɗaurewa, sai wani ya buga yatsa a kan hoton ya ce irin wannan ake nema, wanda zai tsawatar a ji. Can aka kai ga wata mai zagayayyar fuska da manyan idanu, aka ce baiwar Allah ce daga gani, amma anya za ta iya da ma'aikata? Da aka tambayi inda aka ga waɗannan abubuwa a cikin takardun, amsar da aka bayar ita ce ai fuska ba ta ƙarya. Babu mugu a ɗakin nan, kowa yana ganin amanar da aka ba shi yake riƙewa, wannan kuma shi ya sa gyaran abin yake da wuya.

Akwai kuma harajin murmushi da mata suke biya domin kauce wa irin wannan hukunci. A 2003 Marianne LaFrance da abokan aikinta suka haɗa sakamakon bincike 162, suka tabbatar da cewa mata sun fi maza yin murmushi, amma tazarar takan ƙaru idan mutane sun san ana kallonsu, takan kuma ragu idan namiji da mace suna riƙe da matsayi ɗaya ko aiki iri ɗaya. Wato wani kaso na fara'ar da ake cewa ɗabi'ar mata ce, amsa ce ga abin da ake jira daga gare su. Da zarar an saba da ita sai ta zama ma'auni, macen da ta saki fuskarta ta huta kamar yadda kowa yake yi sai a tambaye ta wa ya ɓata mata rai.

Maza ma ba su tsira ba, ko da yake ta wata fuskar abin yake cizonsu. Namiji mai taushin fuska yakan sha raini, a ce ba shi da kwarjini, ba zai iya riƙe jama'a ba. Mai kaurin fuska kuma yakan sha zargi. A 1991 Zebrowitz da Susan McDonald suka bibiyi ƙararraki 506 a kotunan ƙananan da'awa na jihar Massachusetts, suka ga cewa waɗanda ake ƙara masu fuskar manya sun fi faɗuwa idan zargin na ganganci ne, masu fuskar yara kuma sun fi faɗuwa idan zargin na sakaci ne. A 2015 John Paul Wilson da Nicholas Rule na Jami'ar Toronto suka nuna wa mutane hotunan ɗaruruwan maza da aka samu da laifin kisa a jihar Florida, sai ya zamana waɗanda aka ga fuskarsu ba ta amana ba ce su ne suka fi kasancewa cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa maimakon ɗaurin rai da rai. Da suka duba mutanen da daga baya aka wanke su daga laifin, sai suka sake tarar da wannan alaƙa. Idan aka tuna cewa ƙirar namiji da kanta tana kama da fushi, za a gane nauyin da wasu maza suke ɗauke da shi tun daga ranar da suka balaga.

Wannan ɗabi'a tana da tsohon tarihi, kuma jinsi yana cikinta tun farko. Wani littafin Girkawa na karatun fuska da ake jingina wa Aristotle, wanda masana suka fi ganin mabiyansa ne suka rubuta, ya ɗauki zaki a matsayin cikakkiyar siffar namiji, mai kyauta da girman zuciya, ya ɗauki damisa a matsayin siffar mace, mai ƙaramar zuciya da sata da makirci. Malaman Musulmi ma sun yi rubutu a wannan fanni da sunan firasa, cikinsu har da Fakhruddin al-Razi. A Turai, Johann Kaspar Lavater na birnin Zurich ya wallafa mujalladansa tsakanin 1775 da 1778, suka karɓu har ta kai a 1831 kyaftin Robert FitzRoy, wanda ya yi imani da koyarwarsa, ya kusa hana Charles Darwin, masanin ilimin halittu, shiga jirgin ruwansa mai suna Beagle saboda yana ganin mai irin hancinsa ba zai yi juriyar tafiyar ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Cesare Lombroso, likitan Italiya da ya yi iƙirari a 1876 cewa ana gane mai laifi daga ƙirar jikinsa. A 1893 shi da Guglielmo Ferrero suka juya kan mata, suka kwatanta mace ta yau da kullum da babban yaro, suka kuma ce wadda aka haifa da halin laifi ana gane ta da siffofin maza. A 1913 Charles Goring ya wallafa awon da aka yi wa fursunoni kusan 3,000 a Ingila, bai kuwa sami wata ƙira ta musamman ta masu laifi ba. Iƙirarin Lombroso ya rushe a fagen ilimi, amma rabe-raben da ya yi wa mata, ko dai yarinya marar wayo ko kuma mai kama da maza abar tsoro, su ne dai iyakokin nan biyu da binciken Sutherland na 2015 da na Oh na 2019 suka tarar a idanun mutanen wannan zamani.

Abin da yake ruɗar mu shi ne yadda ra'ayinmu yake dacewa. Idan mutum goma suka kalli hoto, takwas suka ce mai shi yana da girman kai, sai mu ɗauka yawan masu faɗa shi ne shaida. Amma dacewar ra'ayi tana nuna cewa a makaranta ɗaya muka koyi kallo, ba ta tabbatar da komai game da wanda ake kallo. A 2005 Todorov da abokansa sun nuna cewa kallon daƙiƙa ɗaya ga hotunan 'yan takara yana iya hasashen wanda ya ci kusan kashi 70 cikin 100 na zaɓukan majalisar dattawan Amurka. A 2009 John Antonakis da Olaf Dalgas suka ba yara 'yan shekara 5 zuwa 13 a Suwizalan hotunan 'yan takarar majalisar Faransa na zaɓen 2002, suka ce su zaɓi wanda zai zama kyaftin ɗin jirginsu, yaran kuwa suka dace da wanda ya ci zaɓen kamar yadda manya suke dacewa. Yaro ɗan shekara biyar bai san komai game da mulki ba, don haka abin da wannan ya bayyana shi ne da wane ido masu zaɓe suke kallo. A 2014 kuma Todorov da Jenny Porter suka nuna cewa hotuna daban-daban na mutum ɗaya, waɗanda bambancinsu bai wuce ɗan sauyin yanayin fuska ba, suna iya sa a gan shi amintacce a wannan, mayaudari a wancan. Kama da wane ba wane ba ce. Zebrowitz ma ta tarar a 1998 cewa samari masu fuskar yara sun fi takwarorinsu ƙwazo a karatu, saɓanin kallon rauni da ake yi musu. Shi kansa zaton cewa halayen maza da na mata sun yi nisa da juna bai tsaya da ƙafarsa ba, domin da Janet Hyde ta duba manyan nazarce-nazarce 46 a 2005, ta samu kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen da aka auna ƙanana ne ko kusan babu su.

Yanzu kuma an soma miƙa wa na'ura wannan aiki. Manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake koya wa karanta hali daga fuska tana koyo ne daga hukuncin da mutane suka riga suka yanke wa hotuna, saboda haka zatonmu take haddacewa, ta dawo mana da shi a lamba, mu kuma mu ɗauka hukuncin marar son kai ne. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajoji uku na kasuwa a kan tambaya mafi sauƙi, wato namiji ne ko mace, kuskuren ya kai kashi 34.7 cikin 100 a kan mata masu duhun fata, alhali bai wuce kashi 0.8 ba a kan maza masu hasken fata. Kamfanin HireVue, wanda ke tantance masu neman aiki ta bidiyo, ya sanar a farkon 2021 cewa ya daina nazarin fuska bayan suka mai yawa, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira kuma ta haramta amfani da na'ura wajen ƙiyasta motsin zuciyar mutane a wuraren aiki da makarantu, in ban da dalilin lafiya ko kariya daga haɗari. Na goyi bayan wannan haramci ba tare da wani shakku ba.

Ban yarda cewa mutum zai iya hana idonsa yanke hukunci ba, tun da abin yana faruwa kafin ya ankara. Abin da yake hannunmu shi ne mu hana wannan hukuncin zama hujja a wuraren da ake raba aiki da muƙami da adalci. Hoton da ake mannawa a takardar neman aiki shi ne wurin farawa. Bradley Ruffle da Ze'ev Shtudiner sun aika takardu 5,312 zuwa guraben aiki 2,656 a Isra'ila, bibbiyu masu kusan bayani ɗaya, ɗaya da hoto ɗaya babu. Maza masu kyau sun fi samun kira idan sun sa hoto, mata kuwa waɗanda ba su sa hoto ba su ne suka fi samun kira, har fiye da kyawawan cikinsu. Abu ɗaya ne ya ɗaga namiji ya kuma kayar da mace, a kan takardun da ba su bambanta ba. Inda ake buƙatar hoto domin tabbatar da cewa mai takardar ne ya zo, ana iya ajiye shi a wani wuri dabam har a gama tantancewar farko. A zauren ganawa, inda ba yadda za a ɓoye fuska, sai a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa a kan kowace amsa kafin a buɗe tattaunawa, domin kada wanda ya fara magana ya shafa wa saura abin da idonsa ya gaya masa. Duk wanda kuma ya ce mai neman aikin ba ta kwanta masa ba, ko jininsa bai haɗu da nata ba, a nemi ya faɗi abin da ta ce ko ta yi, a rubuta shi a gaban sunanta, idan bai kawo ba a wuce zuwa amsa ta gaba.